Ceɗiyarki Ta Kwana a Baranda

Zuwa ga Miryeong, hasken idona, ɗumin ɗakina, wadda muryarta ta fi mini shayin sha'ir daɗi a safiyar ƙanƙara,

Ta ina ma zan fara? Kin tuna ranar da za ki tafi Busan jinyar Baba, kika hawo bene hawa huɗu rungume da 'yar ceɗiyarki ta tukunya, kina haki? Kika ce in sanyi ya wuce kin dawo kin same ta da rai, za ki ba ni amsar da na shekara biyu ina roƙo. Na yi dariya na ce, itace kawai? Wayyo ni da bakina!

Inna ce ta zo haɗa kimcin shekara, kabejin nan mai yaji da ake jiƙawa a ajiye, da kabeji sittin. Falo ya cika, sai ta tura ceɗiyar baranda, wai itace ba ya mura. Kwana biyu ta yi a can ina wurin aiki, dusar ƙanƙara na zuba. Da na shigo da ita ganyen ya yi baƙi, yana zubowa kamar gashin tsoho. Na rikice, masoyiya! Na yi mata abin da ake yi wa duk wanda sanyi ya kama: na ɗora ta inda daɓen ɗaki ya fi zafi, na ƙara wuta, na lulluɓe ta da bargona, ina ba ta ruwan ɗumi safe da yamma. Sauran ganyen ma ya zube.

Tsohuwa mai sayar da furanni a ƙasan gidanmu ta leƙo, ta riƙe baki. Wai uwata ta daskarar da ita, ni kuma na dafa, gidanmu dai an iya girki. Ta ce in sauke ta daga zafin, in daina ban ruwa, kada in yanke ko reshe ɗaya, in jira kawai. Jira? Kulawar ce ta yi yawa? To yaya ake son abu a ƙyale shi? Ke ma haka na dame ki da waya sau biyar a rana?

Inna ta ce mu sayo irinta, ba za ki gane ba. Har bakin shagon na je, zumar raina, na tsaya, na juyo. Ba zan karɓi amsarki a kan ƙarya ba.

Yau na kankare ɓawon da farce, yadda tsohuwar ta nuna mini. Sama busasshe ne. Tsakiya ma haka. Amma can ƙasa, kusa da saiwa, kore shar, daidai faɗin ƙwayar shinkafa! Wannan rai ne a wurinki, ko kuwa? Ni dai ban sani ba. Sanda ce tsirara a tukunya, ba ta da ganye ko ɗaya, amma taki ce, ban musanya ta ba. Ki zo ki duba da idonki.

Naki, ko ta yi toho ko ba ta yi ba,
Taegon