Ranar da Hankaka Ya Ƙi Sauka

Karad, watan Mayu

Zuwa ga 'yata Rohini,

Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Yaya nauyin jiki? Ina fata ƙafafun sun daina kumbura. Ki bar kukan rashin zuwa jana'izar babanki. Da kin hau mota a watan haihuwarki, shi zai fara yi miki faɗa.

Gidan ya yi mini faɗi. Tun da mijina ya rasu babanki, Yaya Keshaw, ya ɗauko ni, a nan na goye ku ke da yayanki Digambar, a nan na tsufa. Yanzu in na fito da safe da gutsuren gurasar capati, sai in tsaya ina jiran tarin babanki. Hankakinsa ma suna jira. Sun sake sheƙa a kan dalbejiyar tsakar gida, rabi ƙirare rabi waya, har da hangar rigarsa da muka yi ta zargin mai wanki a kanta. Macen tana kwance a kan ƙwai. Namijin nan mai wuya toka-toka kamar ya yafa tsohon tawul, kansa baƙi wul yana sheƙi, shi ke kai mata abinci: jiya kan kifi, yau ƙadangare, gobe abin da ya sato mini a kicin. Ba ya raina komai, kamar babanki a gidan biki.

Digambar ya kawo mai sayen gida. Yayan naki ya ce tsuntsaye na ƙazanta wuri, ya ɗauki gora ya zunguri sheƙar. Ba ta faɗo ba, amma tun ranar ba ya fita sai da lema, don da sun hango shi sai su yi ta kai wa ƙeyarsa sura. Na yi dariya, ban ɓoye ba. Daga baya na ji shi a waya yana tambayar gidan tsofaffi a Pune. Ina jin tsoro, 'yata. Ban san yadda ake barci a wani ɗaki ba.

Ki gaida mijinki.

Gwaggonki,
Indumati

Karad, bayan addu'ar kwana goma

'Yata Rohini,

Ina gaishe ki, ina gaida ɗan da ke shurin ki. Ki zauna tukuna kafin ki karanta.

Mun yi addu'ar a bakin kogi, nan bayan gida. Digambar ya aske kansa, ya ajiye dunƙulen shinkafa a kan dutse don hankaka ya taɓa, mu san babanki ya tafi ba da wani buri a ransa ba. Hankaki suka cika itatuwa suna ihu, ko ɗaya bai sauko ba. Rana ta take, dangi suka fara ƙus-ƙus. Guruji mai jan addu'a ya ce wa yayanki ya faɗi abin da zai cika wa mamaci. Ya yi alkawarin kula da ke, ba su sauko ba. Ya yi alkawarin daina sigari, kawunku Bhaskar ya ce, "Wannan ko hankaka ba zai yarda ba."

Sai ya juyo ya dube ni. Na ga fuskar yaron da nake ba shinkafa da nono a baki. Ya ce, "Baba, ba zan sayar da gidan ba. Gwaggo tana ɗakinta har ƙarshen ranta." Kuka ya ci ƙarfinsa, ya hau matakala ya bar wurin, ni kuma na matsa kusa da dutsen. Mai wuyan tawul ya diro, ya karkata kai ya kalle ni, ya cafi shinkafar.

Kowa ya yi kuka. Ni kaɗai na san cewa hankaka ba ya manta fuskar wanda ya taɓa masa sheƙa, ba ya kuma manta hannun da ke ba shi capati. Kada ki gaya wa yayanki. Ni ma ban gama yanke hukunci ba, don kin san babanki bai taɓa iya roƙon ɗansa komai da bakinsa ba. Kullum aike yake yi.

Ƙwan sun ƙyanƙyashe. In kin sauka lafiya ki kawo mini jaririn, ɗakina yana nan.

Gwaggonki mai ƙaunarki,
Indumati