Ta ce ba ɗanta ba ne, ni kuma na fassara

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana. 'Yan uwa, don Allah ku ba ni shawara.

Ina aiki da wani furoje, wato shirin taimako, na yara masu tamowa a wajen Yekuwa, ni ce mai fassara. A formasiyo, horon da aka ba mu, an sa mu rantse cewa duk yaron da muka ga alamar an cutar da shi a jikinsa za mu faɗa wa manyanmu, kuma ba za mu sanar da iyalinsa ba. Na yarda da dokar har zuciyata, don na ga yaran da ta ceta.

Ran Talata wata madam, baƙuwa daga waje, ta bi mu wata ruga. Akwai Hajjo, wata matashiya mai shiru kamar ruwan randa, ɗanta ya fara samun sauƙi a hannunmu. Madam ta ce in tambaye ta sunan yaron. Hajjo ta kau da kai, ta ce, "Malama, ba nawa ba ne, na Inna ne." Kun san ɗan fari, ga Innar, surukarta, zaune, ina za ta kama sunansa? Ni kuma bakina ya riga tunanina, na juya maganar zuwa Faransanci yadda take. Da aka ɗaga rigarsa sai ga tabon sakiya a cikinsa, wadda kakarsa ta yi masa tun bara saboda saifa.

A mota na yi ta bayanin alkunya, madam ta saurara da kyau, ta ce ta fahimta, amma yaron da uwa ta musanta, ga ƙuna, dole maganar ta hau sama. Shef, shugabanmu a wurin aiki, ya ce in iya bakina, masu bincike za su zo da jandarma, wataƙila a tafi da yaron Damagaram kafin a gama binciken.

Na san mutanen nan. In suka ji, kafin motar ta iso sun kora shanu sun tsallaka Najeriya, maganin yaron ya yanke, ga shi har yanzu wuyansa bai gama riƙe kansa ba. In na yi shiru, a gabana za a ɗauke shi, kuma Hajjo ko kuka ba za ta iya yi a gaban mutane ba, sai a ce ga shaida ba ta damu da shi ba.

Gobe kasuwa, Hajjo za ta kawo mini nono kamar kullum. In faɗa mata, ko in karɓi ƙwaryar in yi godiya?