Dariyar Inna a Kaset ɗin Baba

Yaya Hadiza,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya yara? Mu nan Fatakwal sai ruwan sama da gajiya.

Kaset ɗin karatun marigayi Baba ya tsinke. Kawu Sani ya ce kar in damu, tun bara aka juya masa a kasuwar Mile One. An juya kam, zuwa ƙaramin fayil ɗin sauti na MP3, don ya shiga wayarsa. Babban fayil irin WAV yana ajiye komai, MP3 kuwa yana zubar da abin da ya ga kunne ba ya buƙata. Ashe har da dariyar Inna daga kicin.

WAV ɗin kaset ɗin da ke tsohuwar kwamfutarki kaɗai ya rage. Don Allah in wuri ya ƙare a cikinta, ki goge hotunan bikina, ki bar shi.

A gaida maigidan, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Bilkisu