Na Yi Wa Ƙafar Dodonta Dariya, Ashe Ni Ne Ban Sani Ba

Assalamu alaikum Anti Murja. Don Allah ki taimake ni, abin nan ba zan iya faɗa wa abokaina ba.

Ni ɗalibi ne, a Yalwawa nake zaune a nan Dutse. Shekara huɗu ke nan ina zana dodannin da muke gani a katun da wasannin waya, masu ƙaho da fuka-fuki, in sake su yadda raina yake so. Ba yabon kai ba, ban ga wanda ya kai ni a garin nan ba. Ni na buɗe guruf ɗin masu zane a waya, mun kai mu tamanin. Duk Asabar kowa ya turo zanensa, ni kuma in zagaye kurakurai da jan layi. Ranar Gyara muka sa mata, amma yara sun fi kiranta Ranar Yanka, kuma ina jin daɗin sunan.

Afra'u 'yar kawuna ce, a Jahun suke, har yau suna da shanu. Taubashiyata ce, tun muna yara nake ce mata 'yar ruga, ita kuma ta ce mini ɗan birni mai tsoron akuya. Ita ta roƙe ni na sa ta a guruf. Da biro take zane a bayan littafin makaranta. Wata uku tana kallon zanen mutane, sannan ta turo wani dodo mai fiffike da tozo, ƙafafunsa na baya a lanƙwashe ta baya. Layinta sai rawa yake, inuwa kuwa ta ko'ina, ka ce rana uku ce a samansu. Na zagaye ƙafafun, na rubuta cewa saniyar Kawu ce ta karye a hanyar kiwo aka liƙa mata fiffike, a nemo mai ɗori. Abokina Zuhair ya mayar da zanen sitika. Har yau duk wanda ya turo mummunan zane, ita ake jefa masa. Afra'u ta fita daga guruf shiru. Daga baya yayanta Falalu ya gaya mini ta ba mai awarar ƙofar gidansu littafin duka, ana naɗe wa mutane awara a ciki.

To, ranar layya ina riƙe da ƙafar rago ana fiɗa, sai na lura da wani abu. Abin da na ɗauka gwiwa ce ta juya baya, ashe diddige ne. Gwiwar gaske tana can sama, kusa da ciki. Yadda Afra'u ta zana, haka Allah Ya halicce shi. Na buɗe zanena na shekara huɗu, na ga ƙafar mutum nake sa wa kowane dodo, duk kamar ƙattai ne suka durƙusa.

Anti, yaya zan gyara gaɓoɓi da layi da inuwa kafin wani ya gano? Hoton zanenta yana wayata, ko in kwafi ƙafar a ɓoye? Ni dai ban ga babban laifina ba, wasan taubasai ne, kuma layinta da gaske ba kyau. In na ba da haƙuri a guruf, girmana ya zube.

Mai Jan Layi, Yalwawa

Wa alaikumus salam, Mai Jan Layi.

Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman inda ka tambayi halin da yarinyar take ciki. Ban samu ba. Girmanka kawai na yi ta cin karo da shi.

Zan ba ka gaskiyarka. Gyara abu ne mai kyau, mai zanen da ba a nuna masa kuskurensa ba ya ci gaba, kuma mai yiwuwa layinta yana rawa kamar yadda ka ce. Amma kada ka ɓoye a bayan taubasantaka. Wannan wasa ido da ido ake yinsa, wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, a tashi ana dariya tare. Kai ka tara mata baƙi tamanin, ka zage ta da gidan ubanta, a kan abu ɗaya da ta fi ka sani. Wannan ba wasa ba ne, mugunta ce, kuma jahilci ya yi mata ado.

Maganar zane mai sauƙi ce. Ajiye waya, ka je kara ranar kasuwa da takarda da fensir. Ka zana ƙafar baya ashirin, ta saniya da ta akuya, ka fara da ƙashi kamar sanduna, ka ɗiga alama a ƙugu da gwiwa da diddige, sannan ka ɗora nama. Fiffike kuma ka buɗe na kaza ka ga inda yake naɗewa. Dodo ƙarya ne, amma da ƙashin gaskiya yake tsayuwa. Layi, ka daina karce gajeru-gajeru, ka ja shi sau ɗaya daga gwiwar hannu, mai kauri a ƙasa inda nauyi yake, siriri inda haske ya bugo. Inuwa kuma ka sa rana ɗaya tak a saman zanenka, ka tsaya a kanta. Ka kife ƙwarya a tsakar gida da hantsi, ka zana haske da tsaka-tsaki da duhu, kullum har wata guda.

Kwafin ƙafarta a ɓoye sata ce. Ka kore ta daga zane, yanzu kuma kana so ka ci gadonta tana raye?

A bainar jama'a ka wulaƙanta ta, can za ka biya. Asabar mai zuwa ka ajiye zanenka kusa da nata, ka zagaye naka, ka rubuta cewa ita ce da gaskiya. Ka hana sitikar, ko da yake magana zarar bunu ce, ba za ka iya goge ta daga kowace waya ba. Sannan ka hau mota zuwa Jahun, ka gaishe da Kawu, ka roƙe ta gafara ba tare da zolaya ko ɗaya ba. Kada ka ce ta dawo guruf, kada ka ce ta koya maka. Tana iya yafe maka ta kuma ƙi sake zane har abada, wannan kuwa kai za ka ɗauke shi, ba ni da dabarar da za ta sauke maka.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciyar yin haka, ita kuma Ya sanyaya mata rai.

Anti Murja