Ɗanki Ya Ja Fareti a Argungu

Zuwa ga Yaya Hajo,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya maigida da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Nasarawa lafiya lau.

Yaya, ɗanki ne ya ja faretin 'yan kadet na makarantarsu a gasar Argungu, kuma su sunka ɗauko kofi. Yana daka tsawa, yara na buga ƙafa kamar mutum guda. Mata na ta guɗa suna zungurina, ni ko na sunkuyar da kai cikin mayafi. Ɗan fari ne, ya zan yi? Da ya zo gaishe ni, cewa na yi takalminsa ya ɓata mini tabarma.

Ki gaida Malam maigidanki, a sa mu addu'a. Ki rubuto ki yaba wa yaron nan, ni bakina ba ya iyawa.

Ƙanwarki,
Balki