Kawu Ya Zo da Aska

Sifawa, daren Talata, watan Rajab.

Kwana uku ke nan da likitan Sakkwato ya miƙar da murɗaɗɗiyar ƙafar jaririyata Hadiza, ya sa mata siminti. Tun ranar ba mu runtsa ba.

Yau na dawo daga gonar albasa na iske Kawu Buba, maɗorin garinmu, riƙe da ita, aska a hannunsa.

"Kawu, mi za ka yi?"

"Kwance ta zan yi. Ka kai jinina ga Nasara, ka kunyata ni."

Na fizge ɗiyata. Da aka haife ta, ai shi ya ce gurguwa ce, mu haƙura!

Yanzu uwarta ta tallafe ƙafar da zane, ta shayar da ita har ta yi barci. Ni kuwa a bakin ƙofa zan kwana.