Geron Ƙungiya

Laraba da dare, Garin Malam Sale, Nijar

Yau muka buɗe siton ƙungiya. Ƙwari sun cinye geron, sai gari da wari.

Da na baro Babura na zo aikin sa kai, manoman nan sun ce a bar geron a dami cikin rumbu. Na ce shekara ashirin ina harkar hatsi da gumina, wa zai koya mini? Na sa aka sussuke, aka ɗura a buhu.

Inna Hajo, wadda ta kawo dami goma, ta damƙi garin ta shinshina.

"Alhaji, kai gida za ka koma. Mu me za mu ci da damina?"

Da magariba kuma ita ta aiko mini da tuwo. Ga shi a rufe, na kasa taɓawa.